Kafin a ɗaura mana kyamara a masallaci, a faɗa mana wa zai riƙe makullin



Rubutun nan yana da tsawo, ku yi haƙuri. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Na so na yi wannan magana a taron ranar Asabar, amma kun ga yadda aka yi, ana miƙo min lasifika aka ce la'asar ta yi, aka tashi. Shi ya sa na kawo ta nan, inda ba mai karɓe lasifika.

Ga wanda bai halarta ba: an kawo shawarar a yi karo-karo a sayi kyamarori huɗu, irin waɗanda ake haɗawa da Wi-Fi a riƙa kallo ta waya, a ɗaura a masallacinmu saboda satar takalma da wayoyi. Biyu a ƙofar maza, ɗaya a wajen alwala, ɗaya a ƙofar mata. Jama'a suka yi kabbara. Ni na ɗaga hannu na ce ban yarda ba. Wani daga baya ya ce, "To ko kai ne ɓarawon?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma har yanzu ina nan a kan bakana.

Kada wani ya ɗauka ban san zafin sata ba. Sau biyu ana ɗauke min takalmi a masallacin nan. Na biyun ranar Juma'a ce, ana yayyafi, na tako har hostel da silifas ɗin alwala, wari shuɗi wari ja, yaran Yarabawa na kallona suna ƙumshe dariya. Saboda haka ba goyon ɓarawo nake ba. Abin da nake cewa shi ne, mu da muka kasa riƙe takarda ɗaya amana, ban ga yadda za mu riƙe hoton fuskokin jama'a na kullum ba.

Wace takarda? Kun manta ne, ko kuna so a manta?

Zangon karatun da ya wuce aka turo mana fom ɗin Google, aka ce kowa ya cika saboda tallafi da walwalar ɗalibai. Suna, jiha, ƙaramar hukuma, sashen karatu, lambar waya, lambar mahaifi ko waliyyi, lambar asusun banki, NIN, sunan hostel har da lambar ɗaki. Muka cika, har da ni. Bayan mako biyu wani daga cikin shugabanni ya kwaso komai a Excel ya wurga cikin babban guruf ɗinmu na WhatsApp, ya rubuta, "Kowa ya duba sunansa ko akwai gyara." Guruf ɗin da ke ɗauke da waɗanda suka gama shekaru uku da suka wuce, da masu tallan turare da atamfa, da lambobin da ko admin bai san na wane ne ba. Na yi magana a ranar, aka ce na cika tsirfa. Sai da aka yi awa biyar aka goge. Magana zarar bunu ce, 'yan uwa. Abin da ya yi awa biyar a guruf ya riga ya sauka a wayoyin da ba mu san adadinsu ba.

Ba a yi wata ba wata 'yar uwarmu, 'yar aji ɗaya, ta fara samun kira cikin dare daga mutumin da ba ta sani ba. Ya kira sunanta, ya faɗa mata garinsu, ya faɗa mata lambar ɗakinta. Yarinyar nan sai da ta koma kwana ɗakin ƙawarta, ta canza layi. Ba zan faɗi fiye da haka a kanta ba. Wani kuma mahaifinsa aka kira a ƙauye, aka ce ɗansa ya yi haɗari a hanya yana asibiti, a turo kuɗi yanzu-yanzu. Aka faɗa wa tsohon sashen da yaron yake karatu, da sunan hostel ɗinsa. Yaya ba zai yarda ba? Allah ne Ya taimaka ƙanin yaron ya same shi a waya kafin a kai ga mai POS.

Ba zan iya rantsuwa cewa daga takardar nan aka samo bayanan ba. Amma ku faɗa min wani wuri guda, ban da ita, da aka haɗa lambar ɗakin ɗalibi da lambar wayar babansa a layi ɗaya. Har yau ba wanda ya fito ya ce mun yi kuskure, ku yafe mana. Kuma mutanen nan dai su ne za su riƙe kalmar sirrin kyamarar ƙofar mata. Haba!

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta: "Ni ba ni da abin ɓoyewa." Malam, in haka ne, ba ni wayarka a buɗe na minti goma. Ba za ka bayar ba, kuma ba don kai mugu ba ne. Akwai hirarka da Hajiyarku a ciki, akwai hoton ƙanwarka ba mayafi a tsakar gida, akwai saƙon abokin da ya roƙe ka dubu biyu ya ce kada kowa ya ji. Rabin abin da ke cikin wayarka ba sirrinka ba ne, amanar wasu ce aka ba ka ajiya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abin mamaki ma, a ce Bahaushe ne yake wannan magana. Mu da muka tashi a gidan da aka yi wa zaure, aka karkatar da ƙofar ciki don kada mai wucewa ya hangi tsakar gida. Mu da ake rubuta "Ba shiga" a bango. Kakanninmu da suka gina zaure laifi suke ɓoyewa? Mutunci suke karewa. Addininmu ya koya mana neman izini kafin shiga gidan wani, yana nan a Suratun Nur, ya kuma hana mu bin diddigin asirin juna, yana nan a Suratul Hujurat. Duk mun karanta a Islamiyya. Amma da zarar abu ya shigo ta waya sai mu manta, kamar hukuncin bai shafi intanet ba. Turawa ba su suka koya mana kare sirri ba. Mun riga su sanin sa, mu ne muka ajiye shi a ƙofar guruf kamar takalmi.

Bari mu leƙa waje kaɗan mu ga yadda manya ma suka kaya da bayanan mutane.

A Disambar 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da NIN. Duk mun tuna layin da aka sha a rana. An ce don tsaro ne. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fito ta nuna cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100 kacal. 

Manhajojin bashi kuma ba sai na yi dogon bayani ba. Kana karɓar bashi sun kwashe duk lambobin da ke wayarka. Ka yi jinkirin biya su tura wa kawunka da limaminku saƙo cewa kai ɓarawo ne. Sai da hukumar kare masu saye, FCCPC, ta fara kai musu samame a 2022, sannan a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane. Kawun naka bai ci bashi ba, bai sauke manhaja ba, bai danna "na yarda" ba. Kai ka miƙa shi. Haka Truecaller da yawancinmu muke alfahari da shi: sunayen da yake nuna maka daga ina ya samo su, in ba daga wayoyin mutane irinka ba? A 2019 NITDA ta sanar da bincike a kansa saboda wannan batu. A Yulin 2024 kuma FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 saboda yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. In ka ga manhaja kyauta ce, duba da kyau, da wani abu kake biya.

To in hukumomi da kamfanoni masu injiniyoyi da lauyoyi haka suke, wayar sakatarenmu fa, wadda ƙannensa ke buga gem da ita in ya je hutu?

Yanzu ga yadda kyamarar da ake so a saya take aiki, don na ga da yawa sun ɗauka hoton daga bango yake tafiya kai tsaye zuwa wayar shugaba. Ba haka ba ne. Irin waɗannan kyamarori, kana haɗa su da Wi-Fi suke neman babbar kwamfutar kamfanin da ya ƙera su, a wata ƙasa, su yi rajista. Manhajar da ke wayarka ita ma can take zuwa. Kamfanin ne yake haɗa ku. Shi ya sa kana Kano kana iya kallon masallacin da ke nan Kudu. Kuma shi ya sa duk wanda ya samu kalmar sirrin, ko ya samu ɓaraka a wajen kamfanin, shi ma zai kalla daga inda yake. Kod ɗin da ke cikin kyamarar a rufe yake. Ba ka da ikon dubawa ka ga me take turawa, ga wa, yaushe. Ka saya da kuɗinka, amma makullin yana hannun wani.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori, yawancinsu kyamarori da na'urorin Wi-Fi, ba da wata dabara ba sai gwada kalmomin sirrin da suke zuwa da su daga masana'anta, irin su admin da 12345, waɗanda masu su ba su taɓa canzawa ba. Da su aka kai harin da ya durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na wasu awoyi a Amurka a Oktoban shekarar. A Maris 2021 masu kutse suka shiga kamfanin Verkada suka samu damar kallon kyamarori kusan 150,000, har da na asibitoci da makarantu da gidajen yari. A Fabrairun 2024 kamfanin Wyze ya amsa cewa kimanin mutum 13,000 sun ga hotuna daga kyamarorin gidajen da ba nasu ba. Waɗannan masu suna ke nan, waɗanda 'yan jarida ke bibiya. Wadda za mu sayo mai araha, da ko sunan kamfani na kirki babu a kwalinta, wa zai gaya mana ranar da aka shige ta? Ko waya ma ba ta tsira ba: a 2020 masu bincike suka gano dubban wayoyin Tecno W2 da suka zo da muguwar manhaja mai suna Triada tun daga cikin kwali. Kamfanin ya ce daga wajen wani mai kawo masa kaya matsalar ta shigo, ya fitar da gyara. Masu wayoyin nan ba abin da suka sauke. Sabuwa suka saya a haka.

A nan ne maganar buɗaɗɗiyar na'ura take shigowa. Wasunku sun san muna da ɗan zama duk daren Juma'a, mu 'yan injiniyan lantarki da 'yan kwamfuta da wani ɗan likitanci da ya fi mu duka son abin, muna narka dalma muna ƙona yatsu. Kayan wasanmu su ne Arduino da ESP32 da Raspberry Pi, waɗanda muke aike a sayo mana a Computer Village da ke Ikeja. Arduino ɗan allo ne da aka fara ƙerawa a 2005 a garin Ivrea na Italiya don ɗalibai. Masu shi suka wallafa taswirarsa gaba ɗaya, kowa ya gani, ya kwafa, ya gyara, ya ƙera nasa. Shi ya sa na kwafi suka cika kasuwa, kuma suna aiki. Hikimar ita ce, abin da za ka iya buɗewa ka duba cikinsa, ka gyara in ya lalace, shi ne naka. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyaran waya a Farm Centre ta Kano ya san bambancin wayar da ake buɗewa a gyara da wadda aka liƙe don a tilasta maka sayen sabuwa.

Akwai wani ɗan allo, ESP32-CAM, bai wuce tsawon yatsa ba, yana da kyamara da gurbin memori. Za ka iya rubuta masa kod da kanka ya riƙa ɗaukar hoto yana ajiyewa a memorin, ba tare da ya taɓa shiga intanet ba. Ba kamfani, ba rajista, ba wanda zai kalla daga Kano ko daga Sin. Hotonsa bai kai na kyamarar kanti kyau ba, kuma ba ya gani a duhu, wannan gaskiya ce. Amma kowane layi na abin da muka sa shi ya yi, za mu iya buga shi a takarda mu manna a allon sanarwa.

To amma 'yan uwana masu dalma, ku ma ku matso, don ba zan ƙyale mu ba.

Ranar da aka wurga takardar nan a guruf, me muke yi? Na koma na duba. Muna ƙaramin guruf ɗinmu muna musu a kan wane Linux ne na ƙwararru, Ubuntu ko Arch. Mu bakwai, duk muna cikin babban guruf ɗin, duk mun ga takardar. Ni kaɗai na yi magana, ni ma da aka ce na cika tsirfa sai na ja bakina na koma musun Linux. Da Qualcomm ya sanar da sayen Arduino a Oktoban 2025, kwana uku muka yi ana zuba jawabai kamar an yi mana rasuwa. Yarinya ta bar ɗakinta saboda tsoro, ko layi ɗaya ba mu rubuta ba.

Da na kawo shawarar ESP32-CAM, ɗaya daga cikinmu ya ce shi ba ruwansa, don ɓangaren Wi-Fi na ESP32 kod ɗinsa a rufe yake, Raspberry Pi ma ba ya tashi sai da rufaffen kod na Broadcom, saboda haka duk ba buɗaɗɗu ba ne na gaskiya, sai dai mu jira RISC-V ya nuna. Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma kafin RISC-V ya nuna an riga an ɗaura kyamarar kanti a ƙofar mata. Wanda yake jiran tsarkakakkiyar na'ura kafin ya motsa, shi da wanda bai san komai ba sakamakonsu ɗaya ne.

Kuma mu daina yi wa mutane ƙaryar cewa duk abin da yake buɗe lafiyayye ne. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, buɗaɗɗen kod da rabin intanet ya dogara da shi, bayan ta yi shekara biyu a fili ba wanda ya lura. A Maris 2024 aka gano wani ya yi shekaru yana nuna shi mai taimako ne a manhajar xz, har aka amince da shi, ya dasa ƙofar baya. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya kama abin, don ya lura shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Darasin a nan biyu ne. An kama shi ne saboda a buɗe yake, ana iya dubawa. Amma sai da aka samu mai dubawar. Buɗewa dama ce, ba kariya ba.

Haka musun WhatsApp da Telegram da Signal da muke yi kullum. E, saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga waya zuwa waya tun 2016, da fasahar Signal. E, guruf na Telegram ba shi da irin wannan kullewar, duk da yawancin masu cika baki da shi ba su sani ba. Amma takardarmu ba a hanya aka sace ta ba. Ta isa lafiya lau, a kulle, zuwa hannun duk wanda ke guruf. Ko a Signal aka tura ta abin da zai faru ke nan. Babu fasahar da ke maganin sakaci. Mun bar jaki muna dukan taiki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda muke raina mutane. 'Yar uwa ta tambaye ka yadda za ta hana baƙi sa ta a guruf, ka fara yi mata lakca a kan Edward Snowden da abin da ya tona a 2013. Ɗan uwa, nuna mata inda za ta danna. Ilimin da bai fita daga ɗakin mutum bakwai ba ado ne kawai.

Saboda haka ni kaina, da na zauna na yi tunani, na janye rabin shawarata. Ko da mu muka ƙera kyamarar da hannunmu, tambayar tana nan: wa zai kalla? Kyamarar da ke ƙofar masallaci ba ɓarawo kaɗai take ɗauka ba. Tana rubuta wa ya zo asuba, wa bai zo ba, wa ya tsaya da wace a bakin ƙofa, wace ce ta gyara hijabinta tana zaton ba mai ganin ta. Mun san halinmu. Wata uku ba za a yi ba sai hoton wani ya fito a guruf da taken "a yi masa nasiha."

Sannan ku yi tunanin ranar da za ta "kama" ɓarawo. Hoto dishi-dishi, mutum da hula, an ɗauke wuta rabin lokacin. Wani ya ce, "Wallahi wane ne!" A tura a guruf. Kafin a tantance an taru a ƙofar ɗakinsa. Mu da muke karatu a Kudu bai kamata a tuna mana abin da zargi ke jawowa ba. A Oktoban 2012 aka kashe ɗalibai huɗu na jami'ar Fatakwal a Aluu bisa zargin sata, mutane na ɗauka a waya. A Maris 2025 aka kashe matafiya 'yan Arewa 16 a Uromi ta jihar Edo bisa zargi. Mun yi kuka, mun ce a bi doka, kada a hukunta mutum da zato. To kada mu zo mu kafa injin zato a masallacinmu.

Haka batun takardar. Maƙwabtanmu a nan mutanen kirki ne, da yawansu sun fi wasu 'yan uwanmu riƙe mu da amana, kuma na san ɗan Kudu da ke karatu a Arewa shi ma yana da irin fargabarsa. Amma mu marasa rinjaye ne a nan, nesa da gida. Wanda ya tuna rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021 ya san yadda gari ke juyewa a yini ɗaya. Jerin sunayen 'yan Arewa da lambobin ɗakunansu ba abin da za a bari yana yawo ba ne. Ba tsoro nake sa wa kowa ba. Rigakafi nake magana.

Wani zai ce ai Allah ne mai tsarewa. Haka ne, babu shakka. Amma kai da ka faɗa, da kwaɗo ka rufe akwatinka kafin ka fito lakca.

Kuma a sani, wannan ba ra'ayin 'yan kwamfuta ba ne kawai. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da saƙonninsa da wayarsa. A Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce kada ka karɓi bayanin da ya wuce buƙatarka, kada ka riƙe shi fiye da lokacin da ya kamata, mai shi yana da haƙƙin ya ce ka goge. Ta kuma sa addinin mutum da ƙabilarsa cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman. Takardarmu kuwa daga sama har ƙasa abin da take nunawa ke nan.

Ga abin da nake nema, kuma zan maimaita a taro na gaba in an bar ni:

1. Shugabanni su fito su faɗi abin da ya faru da takardar, su nemi afuwa, musamman wajen 'yan uwa mata. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

2. A goge NIN da lambar ɗaki da lambar iyaye daga duk inda aka ajiye su. In hukumar tallafin karatu ta jiharka tana son NIN ɗinka, kai ka ba ta da hannunka. Abin da ya rage ya zauna wajen mutum biyu da kowa ya sani. Bayanan mata su zauna wajen mata.

3. A tace babban guruf. Lambar da ba a san mai ita ba a cire ta.

4. Batun sata, a fara da kafinta kafin a je ga injiniya. A yi kanta mai gurabe da lamba, a sa ledar saka takalmi a ƙofa kowa ya shiga da nasa ya ajiye a gabansa, a daina barin waya a caji a bayan sahu, a riƙa karɓa-karɓar tsaron ƙofa ranar Juma'a, mai tsaro ya yi sallarsa daga baya bisa yadda malamai suka ba da fatawa. Ni mai son na'ura ne, amma na yarda katako zai fi kyamara aiki a nan.

5. In an gwada wannan zango guda bai yi ba, jama'a suka dage sai kyamara, to guda ɗaya, tana kallon kantar takalman maza kawai. Ba intanet. Hoto ya zauna a memori, ya goge kansa bayan kwana uku. Akwatinta da kwaɗo biyu, makulli ɗaya wajen liman, ɗaya wajen wanda jama'a suka zaɓa. Ba a buɗewa sai an kawo ƙarar sata, ba a tura hoton kowa a guruf, a miƙa wa jami'an tsaron makaranta. A manna sanarwa a ƙofa. Mu za mu haɗa ta kyauta, mu buga kod ɗin kowa ya gani.

6. Ƙofar mata da wajen alwala, babu kyamara. Ko ta kanti, ko tamu. Kuma ina mamakin yadda aka yanke shawarar ƙofar mata a taron da mata ke bayan labule ba a tambaye su ba. A tambaye su.

Mu kuma 'yan dalma, daga wannan Juma'ar awa ɗaya ta farko ta jama'a ce. Duk mai so ya zo da wayarsa bayan isha'i, a barandar masallaci. Za mu nuna maka yadda ake sa wa WhatsApp lambar sirri ta biyu don kada a ƙwace maka shi, yadda ake duba manhajojin da ke karanta lambobinka a hana su, yadda ake cire lambarka daga Truecaller. Wayarka tana hannunka, kai za ka danna, ba mai karɓar ta. 'Yan uwa mata biyu daga sashen kwamfuta sun yarda za su yi wa mata irin wannan a ɓangarensu. Musun Linux ya jira sai an watse.

Wanda ya ce ko ni ne ɓarawon, na yafe maka, ka zo da wayarka kai ma. Na ga hoton katin jarrabawarka da ka ɗora a status, lambar rajistarka da ranar haihuwarka duk a fili.

Wanda yake ganin na yi kuskure ya faɗa a ƙasa, da hujja, zan karanta. Amma don Allah kada wanda ya ambaci sunan yarinyar nan ko ya yi nuni da ita. Duk wanda ya yi zan goge.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya mayar da mu gida lafiya da abin da muka zo nema.